Yadda ake gane babbar manhaja mai sauƙi, a gwada ta, a girka ta ba tare da asara ba

Babbar manhaja ita ce wadda kwamfuta ke fara ɗaukowa da zarar an kunna ta, kuma a kanta duk sauran manhajoji suke zaune. Ko dai Windows ce, ko macOS, ko ChromeOS, ko ɗaya daga cikin dangin Linux irin su Ubuntu, Fedora da Linux Mint. Kowa tasa yake yabo, hotunan da ake nunawa kuma duk gwanin ban sha'awa. Sai dai kyan fuska ba zai gaya maka abin da zai faru ranar da Wi-Fi ya ƙi kamawa ba, ko ranar da aka sabunta wani abu kwamfutar ta ƙi tashi. A ganina tambaya biyu ce ke auna sauƙin babbar manhaja. Za ta bari ka gwada ta a kan na'urarka kafin ta taɓa maka fayil ko ɗaya? In abu ya ɓaci kuma, ta bar maka ƙofar komawa baya?

Maganar ta shafi mutane da yawa tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya daina kula da Windows 10, in ban da wani ƙarin wa'adi na shekara guda ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 tana buƙatar RAM gigabait 4, ma'adana gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan a wajen Intel yawanci sai furosesa na ƙarni na takwas zuwa sama. Kwamfutoci masu ɗimbin yawa da ke aiki lafiya lau sun faɗi wannan jarrabawa. Shi ya sa zan yi misali da Linux Mint, domin tana karɓar tsohuwar na'ura kuma ana iya gwada ta kafin a girka, amma zan riƙa nuna inda Windows da sauran suka sha bamban. Wanda kwamfutarsa Mac ce mai furosesan Apple, ko laftof mai Snapdragon, wannan hanyar ba tasa ba ce.

Mataki na ɗaya: san abin da ke hannunka

A Windows danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka danna Enter. Ɗauki takarda ka rubuta sunan furosesa, yawan RAM, da abin da aka sa a gaban BIOS Mode, wato UEFI ko Legacy, sabuwar hanya da tsohuwar hanya da kwamfuta ke tashi da su. In kana son sanin ko Windows 11 za ta karɓe ka, sake danna maɓallan nan biyu ka rubuta tpm.msc, za ka ga ko akwai TPM da lambarsa. Wani lokaci yana nan amma an kashe shi a saitin UEFI, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi, kunna shi kawai ake yi.

Linux Mint na tashi da RAM gigabait 2 da ma'adana gigabait 20, ko da yake masu ita da kansu sun ce gigabait 4 da gigabait 100 ne za a ji daɗin aiki. Ka ɗauki maganarsu ta biyu. Burauza ta zamani da shafuka goma a buɗe za ta cinye gigabait 2 ita kaɗai. Mint tana zuwa da fuska iri uku, Cinnamon, MATE da Xfce. Cinnamon ta fi kama da abin da mai Windows ya saba, Xfce kuma ta fi tausaya wa raunanniyar na'ura.

A bayan takardar rubuta manhajojin da in babu su aikinka ya tsaya. Nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Adobe Photoshop da Microsoft Office na girkawa ba su da sigar Linux. LibreOffice, wadda ke zuwa da Mint a madadin Office, na buɗe fayilolin Word da Excel, amma takarda mai tebura da yawa ko mai lissafi mai sarƙaƙiya takan ɗan karkace. In abincinka ya rataya a kan wata manhaja da Windows kaɗai take aiki, to babbar manhaja mafi sauƙi a wurinka ita ce Windows, ko kuma ka ajiye biyun a kwamfuta ɗaya. Babu abin kunya a ciki.

Mataki na biyu: kwashe kayanka

Kwafe duk abin da ba za ka jure rasawa ba zuwa wata ma'adana ta waje: takardu, hotuna, abin da ke kan fuskar kwamfuta, da foldar Downloads da ake yawan mantawa. Bayan ka kwafe, cire ma'adanar, sake sa ta, ka buɗe fayil uku ko huɗu ka tabbatar suna buɗuwa. Kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka ma ka fitar da su ko ka haɗa su da asusunka.

Sai batun BitLocker, wanda ya jefa mutane da dama cikin tashin hankali. Sababbin kwamfutocin Windows da yawa suna zuwa da ma'adanarsu a kulle da shi, mai ita bai ma sani ba. Da zarar an sauya wani saiti a UEFI, Windows tana iya tsayawa ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Galibi lambar tana cikin asusunka na Microsoft. Nemo ta yanzu, ka rubuta a takarda, kada ka ajiye ta a cikin kwamfutar da za ta kulle.

In da hali, haɗa wani filash na daban, ban da wanda za ka sa Mint a kai, mai ɗauke da Windows ta hanyar Media Creation Tool da ke shafin Microsoft. Yana buƙatar filash gigabait 8. Shi ne hanyarka ta dawowa in ka canja ra'ayi, kuma haɗa shi ya fi sauƙi tun kana cikin Windows.

Mataki na uku: sauke ta daga inda ya dace

Fayil ɗaya ake saukewa mai ƙarewa da .iso, daga shafin masu manhajar kai tsaye. Zaɓi sigar da ake kula da ita na dogon lokaci. Ubuntu na fitar da irin wannan sigar, mai alamar LTS, duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kuma kula da ita shekara biyar. Linux Mint 22, wadda ta fito a 2024, an gina ta a kan Ubuntu 24.04 kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Wannan ma wani ɓangare ne na sauƙi da ba a cika ambata ba. Fedora kyakkyawa ce, amma kusan duk wata shida take fitar da sabuwa, kuma kowace siga ba ta wuce shekara ɗaya da 'yan kai ana kula da ita. Wanda ba ya son yawan ƙaura ya san abin da zai zaɓa.

Kafin ka wuce, tantance fayil ɗin. A shafin saukewa akwai wani dogon jerin haruffa da lambobi mai suna SHA256. Buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, rubuta Get-FileHash, ka bar tazara, ka jawo fayil ɗin ka saka cikin tagar, ka danna Enter. Abin da ya fito dole ya yi daidai da na shafin, harafi da harafi. In bai yi ba, fayil ɗin ya lalace a hanya, sai a sake saukewa. Ba tsoro ne mara dalili ba: a watan Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen fayil. Mai son ƙarin tabbaci zai iya bin bayanin da ke shafin kan yadda ake tantance sa hannun da ke kan jerin lambobin kansa.

Mataki na huɗu da na biyar: filash da tashi daga kansa

Kwafe fayil ɗin cikin filash kamar yadda ake kwafe hoto ba zai yi aiki ba, sai an rubuta shi da manhaja ta musamman. balenaEtcher ta fi sauƙi, maɓalli uku ne kawai: zaɓi fayil, zaɓi filash, rubuta. Rufus na da ƙarin zaɓi, kuma a nan takardarka za ta yi amfani, domin in ka rubuta UEFI sai ka zaɓi GPT, in Legacy ce sai MBR. Ventoy kuma sau ɗaya ake girka ta a filash, daga nan sai ka riƙa zuba fayilolin .iso iri-iri, in ka kunna kwamfuta ta jero maka su. Mai son gwada Mint da Ubuntu da Fedora a yini ɗaya, ita ce tasa. Duk wadda ka ɗauka, za ta share abin da ke kan filash ɗin tas, don haka cire duk wata ma'adana ta waje kafin ka fara, kar hannu ya kuskure.

Kashe kwamfutar, sa filash, kunna, ka riƙa danna maɓallin jerin tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A Dell da Lenovo da Acer yawanci F12 ne, a HP F9, a Asus Esc ko F8. In ta yi maka sauri ta shige Windows, riƙe Shift ka danna Restart, daga allon da zai fito ka zaɓi Use a device. Idan sunan filash ɗin ya bayyana sau biyu, ɗauki wanda aka rubuta UEFI a gabansa, matuƙar kwamfutarka UEFI ce. Wannan ƙaramin zaɓi yana da nauyi: in ka girka Linux ta hanyar Legacy alhali Windows na kan UEFI, ba za su ga juna ba.

Mataki na shida: gwaji, inda ya kamata ka fi daɗewa

Bayan ɗan lokaci za ka ga cikakkiyar Linux Mint a gabanka, tana gudana daga filash da RAM, ma'adanarka kuma ba a taɓa ta ba. Wannan dabara ta shahara ne da Knoppix, wadda Klaus Knopper ya fitar a Jamus a shekarar 2000 tana tashi daga faifan CD, yau kuwa kusan duk dangin Linux sun ɗauke ta. Kamar takalmi ne, a ƙafarka ake gwadawa, ba a ƙafar mai sayarwa ba. Za ka ga alamar Install Linux Mint a kan fuskar, ka ƙyale ta tukuna.

Fara da Wi-Fi. Danna alamarsa a kusurwar ƙasa ta dama. In sunayen hanyoyin sadarwa sun jeru, ka shiga ɗaya ka buɗe bidiyo, ka ji ko sauti na fita ta lasifika, sannan ka sa abin kunne ka ga ko sautin ya koma can. In babu jerin ko kaɗan, mai yiwuwa katin Wi-Fi ɗinka na Broadcom ne ko wani sabon Realtek da ke buƙatar direba na daban, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya yi aiki. Ba ƙarshen zance ba ne. Haɗa wayarka da kwamfutar ta igiyar USB, ka kunna raba intanet ta igiya, Linux za ta gane shi nan take ba tare da wani direba ba. Daga nan ka buɗe Driver Manager ka ga ko ta kawo maka na katin. In ta kawo, bayan girkawa ma za ta kawo.

Gwada maɓallan ƙara haske da rage shi. Gwada wurin shafa yatsa, da yatsa biyu don gungurawa. Buɗe kyamara da makirufo a wani shafin kiran bidiyo. Haɗa Bluetooth. In kana aiki da allo na biyu ko majigi, jona shi. Firinta kuma, mafi yawan waɗanda aka yi a 'yan shekarun nan suna bin wata ƙa'ida da ke sa su bayyana da kansu in suna kan Wi-Fi ɗaya da kwamfutar, amma tsohuwar firinta ta igiya tana iya ba da wahala, gara ka sani yau. In kana rubutu da haruffa irin su ɓ, ɗ da ƙ, ƙara tsarin madannan harshenka a saiti, ka buga su a LibreOffice ka ga sun fito.

Gwajin da aka fi tsallakewa shi ne na barci. Rufe murfin laftof ɗin, jira minti biyu, ka buɗe. Ya kamata allo ya dawo, Wi-Fi ya sake kamawa da kansa, madannai su yi aiki. Akwai na'urorin da komai nasu ke tafiya daidai amma in sun yi barci ba sa farkawa sai an danne maɓallin wuta. Mutumin da ke rufe laftof sau goma a yini, wannan matsala ɗaya ta isa ta ɓata masa komai, kuma babu wani bita na intanet da zai gaya maka halin taka na'urar. Gani ya kori ji.

Sannan ɗauko ainihin fayilolinka daga ma'adanar waje, ba na gwaji ba. Buɗe takardar da ta fi kowace rikitarwa, ka duba shafukanta. Shiga shafukan da kake aiki da su kullum. Kada ka yi hukunci kan sauri a wannan mataki, domin filash bai kai ma'adanar ciki gudu ba. Kuma ka tuna duk abin da ka ajiye a nan zai ɓace da zarar ka kashe.

In allon ya yi baƙi tun wajen tashi, sau da yawa katin hoto na NVIDIA ne. Koma jerin farko ka zaɓi tashi a compatibility mode, bayan girkawa Driver Manager zai ba ka direban kamfanin.

A nan ne bambancin manyan manhajojin ya fi fitowa. Filash ɗin Windows ba ya ba da damar gwaji, girkawa kawai yake yi. Abin da ke cetonta shi ne masu ƙera na'ura ita suke fara rubuta wa direba, kuma galibi tana zuwa a girke tun daga masana'anta, don haka mafi yawan masu cewa tana da sauƙin girkawa ba su taɓa girka ta ba. Wanda ya girka Windows 11 Home a laftof ɗin da faifan girkawa bai san katin Wi-Fi ɗinsa ba, ya san yadda abin yake: tana neman intanet da asusun Microsoft kafin ta ƙarasa, intanet ɗin kuma sai da direban da ba a kai ga sa shi ba. Maganin shi ne a sauke direban tun farko a ajiye a filash, ko a jona igiyar intanet. Ita macOS sauƙinta ya zo ne daga cewa Apple ke ƙera na'urar kuma shi ke rubuta manhajar, lasisinta ma bai yarda a ɗora ta kan kwamfutar wani kamfani ba. ChromeOS Flex, wadda Google ya fitar a 2022 don tsofaffin kwamfutoci, ana gwada ta daga filash, tambayoyinta kuma kaɗan ne ƙwarai, amma in za ta zauna sai ta share ma'adana gaba ɗaya, ba ta zaman haɗaka da kowa.

Mataki na bakwai: girkawa

In Windows za ka bari a gefe, koma cikinta ka yi abu biyu. Kashe Fast Startup a saitin wuta na Control Panel, domin yana sa Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana barin ma'adanarta a riƙe. Sannan in BitLocker na kunne, kashe shi ka jira ya gama warwarewa, wanda kan ɗauki lokaci. Ni na fi son a rage wa Windows fili daga cikinta: buɗe diskmgmt.msc, danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume, ka ware aƙalla gigabait 60 zuwa 100, ka bar wurin fanko ba tare da ka tsara shi ba.

Jona caja, tashi daga filash, danna Install Linux Mint. Za ta tambayi harshe da tsarin madannai. Akwai ɗan akwatin gwaji a ƙasa, buga alamar @ da wasu lambobi a ciki, saboda kalmar sirrin da za ka sa nan gaba da wannan tsarin za a karanta ta. Sai tambayar multimedia codecs, ka yarda, su ne ke buɗe wasu nau'o'in bidiyo da sauti. In Secure Boot, wato tsaron UEFI da ke hana tashin manhajar da ba a amince da ita ba, na kunne, za ta ce ka ƙirƙiri wata kalmar sirri ta wucin gadi mai aƙalla haruffa takwas. Yi ta da lambobi zalla ka rubuta a takardarka.

Idan mai girkawar ya ce bai ga ma'adana ba, ko ya ambaci Intel RST, to ma'adanar na kan tsarin RAID ne a saitin UEFI, Linux kuma AHCI take so. Kada ka je ka sauya kai tsaye, Windows za ta ƙi tashi. Sai ka fara saita Windows ta tashi a Safe Mode, sannan ka sauya zuwa AHCI, ka bar ta ta tashi sau ɗaya a haka, ka mayar da ita yadda take.

Yanzu ga allon da ya fi kowanne muhimmanci, mai taken Installation type. Zaɓi uku ne a jere, kowanne da ɗan da'ira a gefensa. Na sama yana cewa a girka Mint kusa da Windows Boot Manager. Na tsakiya, Erase disk, yana da gargaɗi a ƙarƙashinsa cewa zai share komai. Na ƙasa, Something else, na masu son yanka ma'adana da hannunsu ne. Cire hannunka daga linzami ka karanta ukun. In kana son Windows ta zauna amma ba ka ga na saman ba, tsaya nan, kada ka ci gaba. Rashinsa alama ce cewa mai girkawar bai ga Windows ba, kuma dalilin bai wuce ka tashi ta Legacy maimakon UEFI, ko Fast Startup, ko BitLocker. Fita ka gyara, babu abin da aka rubuta tukuna.

In ka ware fili tun a Windows, zaɓin sama zai yi amfani da shi. In ba ka ware ba, za ka ga sanduna biyu da layi a tsakaninsu, ka ja shi hagu ko dama ka raba filin. Daga nan wani ƙaramin akwati zai fito yana tambaya ko a rubuta canje-canjen, tare da jerin ɓangarorin da za a tsara. Wannan shi ne iyaka. Kafin ka danna Continue komai na nan yadda ka same shi, bayan ka danna kuma babu janyewa. Mai girkawa nagari shi ne wanda ke nuna maka wannan iyaka a fili. Na Windows, a nasa ɓangaren, jerin Drive 0 Partition 1, Partition 2 yake zubo maka da maɓallin Delete a ƙasa, kai za ka gane wanne ne wanne daga girmansu.

Wanda ya zaɓi share ma'adana duka zai ga damar kulle ta da kalmar sirri a ƙarƙashin Advanced features. Ga laftof da ake yawo da shi abu ne mai kyau, amma in kalmar ta ɓace babu wanda zai iya buɗe maka. Saura yankin lokaci, sunanka da kalmar sirri. Ita wannan za a riƙa tambayarka duk lokacin da za a girka ko a sauya wani abu babba, don haka zaɓi wadda yatsunka za su iya bugawa ba gargada. Kwafewar kan ɗauki minti goma zuwa ashirin a kan SSD. In ta gama za ta ce ka cire filash ka danna Enter.

Wanda ya sa kalmar Secure Boot zai ci karo da wani shuɗin allo mai tsohon rubutu, yana ƙirga daƙiƙa goma. Mutane kan firgita su bar shi ya wuce. Danna kowane maɓalli, zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, ka buga lambobin nan. Ba za ka ga komai na fitowa ba yayin da kake bugawa, haka yake. Sau ɗaya ake yi, kuma shi ke ba direbobi irin na NVIDIA izinin aiki. Bayan nan sai jerin GRUB, wato allon zaɓen babbar manhajar da za ta tashi, Mint a sama, Windows a ƙasa. Shiga Windows sau ɗaya ka tabbatar tana tashi. In ta ce za ta duba ma'adana, bar ta ta duba.

Mataki na takwas: awa ɗaya ta farko

Kafin ka sabunta komai, buɗe Timeshift. Zaɓi RSYNC, nuna masa inda zai ajiye, ka sa ya riƙa ɗaukar hoton tsarin, wato kwafinsa, kullum yana riƙe biyu ko uku, sannan ka danna Create ka ɗauki na farko da hannunka. Ranar da wani sabon direba ya rikita kwamfutar, za ka tashi daga filash ɗin nan, ka buɗe Timeshift, ka mayar da ita yadda take jiya. Saboda haka kada ka share filash ɗin, sa shi a aljihun jakar laftof. A lura, fayilolin tsarin yake adanawa, ba takardunka da hotunanka ba, su ma'adanar waje ce gatansu. Akwai wata ƙofar kuma a GRUB, ƙarƙashin Advanced options, inda ake ajiye tsohuwar ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar da ke magana da na'ura. In sabuwa ta ƙi jituwa da na'urarka, ka tashi da tsohuwar.

Sai Update Manager, alamar garkuwa a kusurwa. Wuri ɗaya yake sabunta babbar manhajar da burauza da LibreOffice da duk abin da ka girka ta hanyar da ta dace, ba ya kuma sake kunna kwamfuta sai ka ga dama. Bayansa Driver Manager, ka ɗauki wanda aka yi wa alamar shawara.

Ɗabi'ar da za ka sauya ita ce ta neman manhaja. A Windows an saba shiga burauza a nemo fayil mai .exe. A nan Software Manager ake buɗewa a rubuta suna a danna Install. Za ka ga wasu na da zaɓi biyu, na tsarin da na Flatpak, wata hanyar daban ta rarraba manhajoji. Na Flatpak kan fi zama sabo amma ya fi cin fili, musamman na farkon da za ka girka, domin yana jawo kayan aikin da na baya za su raba da shi. Ka guji kwafo umarni daga intanet kana liƙawa a Terminal, tagar rubuta umarni ta Linux, ba tare da ka san abin da yake yi ba, musamman wanda ya fara da sudo, domin wannan kalma na nufin an ba umarnin iko a kan komai.

Masu manhaja biyu za su lura agogon Windows ya karkace da awa ɗaya ko fiye duk lokacin da suka dawo daga Mint. Dalilin shi ne Linux na ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin UTC, Windows kuma na ɗaukarsa lokacin yankinka, kowacce in ta tashi sai ta gyara shi yadda ta fahimta. Buɗe Terminal a Mint ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ka danna Enter, ka sa kalmar sirrinka in an tambaya. Sannan ka shiga Windows, ka je saitin lokaci, ka danna Sync now sau ɗaya.